Ya gaya maka gaskiya, alhali shi maƙaryaci ne

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya bayan la'asar muna zaune a fada nan Zango, shayi na kan wuta, sai ƙanena ya miƙo mini waya. Hoton ƙananan jiragen sama ne na attajirai, jere reras, na masu zuwa taron sauyin yanayi. Ya ce, "Yaya, ga masu hana mu saran itace. Mutum ɗaya ya hau jirgi guda ya je yi wa duniya wa'azin hayaƙi. Ni na daina saurarensu, duk neman kuɗi ne."

Ban musa masa ba, don yana da hujja. A 2009, a taron sauyin yanayi na birnin Kopenhagen, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin ba ƙasashe matalauta dalar Amurka biliyan 100 kowace shekara daga 2020. Shekarar ta zo ta wuce ba su cika ba, sai a 2022 lissafinsu ya kai, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne. Taron Dubai na 2023, shugaban kamfanin man fetur na ƙasar ne ya jagorance shi. Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma mu fari ke ci, mu ambaliya ke ci.

Sai dai kafin in ɗaga yatsa sama, na tuna da kaina. Wata shekara, ranar 3 ga Agusta, wata ƙungiya ta gayyace mu dashen itatuwa. Na durƙusa da farar riga, na sa dogon yaro a rami, aka ɗauki hoto, na ɗora a Facebook tare da hadisin dashen itace. Ban sake komawa wurin ba sai bayan wata biyu, hanya ce ma ta bi da ni. Na tarar da tsinke busasshe, awaki sun gama da ganyen. Ko bokiti ɗaya na ruwa ban kai masa ba, ko ƙaya ban kewaye shi da ita ba. Hoton yana nan har yau, mutane sun yi ta rubuta mini "Allah ya saka da alheri" a kan aikin da ban yi ba. Wallahi duk lokacin da na karanta farkon Suratus Saffi sai gabana ya faɗi: "Ya ku waɗanda suka yi imani, don me kuke faɗin abin da ba ku aikatawa? Babban abin ƙi ne a wurin Allah ku faɗi abin da ba ku aikatawa." Muminai aka kira a ayar nan, mu ke nan. Kuma Usama ɗan Zaidu ya ruwaito labarin mutumin da za a jefa a wuta, hanjinsa ya zubo, yana kewayawa da shi kamar jaki a dutsen niƙa, saboda yana umarni da alheri ba ya yi, yana hani da mummuna yana aikatawa. Allah ya tsare mu.

To amma ƙanena, inda na rabu da kai shi ne cewa ka daina saurare. Ka tuna daren da aka ba Abu Huraira gadin abincin zakkar fidda kai. Ɓarawo ya zo dare uku yana ɗiba, kullum da kukan talauci da iyali. A dare na uku ya ce a sake shi zai koya masa abu mai amfani: karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ji, sai ya ce ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne, wannan Shaiɗan ne. Har yau muna karanta ayar kafin barci. Ba wanda ya ce tunda daga bakin Shaiɗan ta fito a bar ta, kuma ba wanda ya ce tunda ya faɗi gaskiya a ba shi mabuɗin rumbu.

Mu da muka ga damina ta 2024 ba ma bukatar mai jirgi ya ba mu labari. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 170 a tsaye, ya rufta bayan ruwa mai ƙarfi. A faɗin Nijar sama da mutum 300 suka rasu a ambaliyar shekarar, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa. Ƙaddara ce, mun yi imani, kuma Wanda ya ƙaddara shi ne ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Amana kuwa ba a bayar da ita don daɗin baki. Sayyidina Umar, da wani ya zo yabon wani, tambayarsa ya yi: maƙwabcinka ne, ko kun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa ku? Mai zuwa garinku da maganar itatuwa, a tambaye shi na bara da ya dasa nawa suka rayu.

Akwai wani dattijo wajen Matameye da na taɓa wuni a gonarsa. Bai san sunan taro ko ɗaya ba. Idan yana sassabe ya tarar da tohon gawo a kututture, sai ya zaɓi mafi ƙarfi biyu ko uku ya bari, ya datse saura da wuƙa. Na ce, "Baba, wa ya biya ka wannan aiki?" Ya nuna mini hatsin da ke ƙarƙashin gawon, ya fi na fili tsayi da duhun ganye. Da irin wannan sassaben zamani manoman Maradi da Damagaram suka mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, tun bayan farin 1984.

Da safen nan na sayo dashe biyu, ɗaya nawa ɗaya na ƙanena. Mun sa su a ƙofar gida inda ruwan alwala ke gangarawa, mun kewaye da tsofaffin bulo. Ya ce a ɗauki hoto, na ce a bari tukuna, sai sun ga bazara sun wuce ta.