Kafin ka ce "a gama da su kawai"

'Yan'uwana matasa, duk sanda 'yan ta'adda suka kai hari magana ɗaya ke fita daga bakinmu: "A tura jirage a gama da su kawai." Na san zafin. Wanda aka kashe wa uba ba dogon bayani yake nema ba. Amma mu riƙa tauna magana kafin mu furta, domin an gwada wannan gamawar tun wasunmu na firamare.

A watan Yulin 2009 aka murƙushe Boko Haram a Maiduguri cikin 'yan kwanaki, aka rushe markaz ɗinsu, shugabansu Mohammed Yusuf ya mutu a hannun 'yan sanda ba a kai shi gaban alƙali ba. Kowa ya ce an gama. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A Satumbar 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi, sauran labarin kuwa kun san shi. Amurka da duk jiragenta ta yi shekara 20 a Afganistan, tana haɗa kayanta a 2021 Taliban na shiga Kabul.

Kada wani ya ce na ce a ajiye bindiga. Bama da Gwoza da aka ƙwato a 2015 ba da lallashi aka ƙwato su ba, kuma sojan da ke kwana a rami addu'armu ya cancanta, ba gori ba. Tambayata ita ce, idan soja ya buɗe gari, wa ke shigowa bayansa? In babu alƙali, babu malami, babu rijiya, wani zai cike gurbin. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta gane haka. A yankin Tafkin Chadi tana karɓar haraji hannun masunta da makiyaya, tana raba musu gardama, talaka ya fara ganinta kamar hukuma.

Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zanta da tsofaffin mayaƙan ƙungiyoyin ta'addanci a Afirka a wani bincike na 2017. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ƙarasa tura su daji aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Wato kamen kan mai uwa da wabi ma'aikata yake ɗaukar wa 'yan ta'adda.

Sai maganar tubabbu, inda muka fi yin zagi. Shirin gwamnati na gyara halin tubabbun mayaƙa, Operation Safe Corridor, ya fara a 2016, sansaninsa na Malam Sidi a jihar Gombe. Ƙorafin jama'a yana da tushe. Matar da aka kashe wa miji tana bin layin abinci a sansanin gudun hijira, ta ga an miƙa wa tubabbe keken ɗinki, me kake so ta ce? A nan ya kamata mu matsa wa gwamnati: mai jini a hannu ya fuskanci kotu, wanda aka zalunta a fara da shi. Amma kada mu nemi a rufe ƙofar. Bayan mutuwar shugaban Boko Haram Abubakar Shekau a Mayun 2021 dubbai sun fito sun miƙa wuya, da yawansu mata ne da yara da manoman da aka tilasta wa zama. Da sun tabbata harsashi ke jiransu, da har yanzu suna Sambisa, kuma ƙannenmu masu kaki ne za a tura su shiga su fito da su.