Kafin ka ba ɗan wasa laƙani, tambaye shi inda ya kai

Kwana uku ƙanena ya yi yana shan kashi a hannun Margit, dodon da ke tare hanyar shiga fadar Stormveil a wasan Elden Ring. A dare na uku ya ɗora hannun gem ɗin a cinya, ya juyo ya ce, "Yaya, don Allah ya ake yi da wannan mutumin?" Tambaya ɗaya tak ya yi. Ni kuwa da na riga na gama wasan, sai bakina ya ɓalle. Na ce masa ya ƙyale Margit tukuna, ya nausa kudu ya ƙaro ƙarfi sannan ya dawo. Amsar tambayarsa ke nan, kuma da a nan na tsaya da na kyauta. Amma ina! Na gaya masa takobin da zai nema da inda aka ɓoye shi, na gaya masa wanda zai ci amanarsa nan gaba, har na kwatanta masa wani wuri da ni kaina ranar da na fara ganinsa sai da na saki baki na yi shiru. Bayan mako biyu ya isa wurin. Na tambaye shi ya ya gani. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yana da kyau. Kamar dai yadda ka faɗa."

Wannan "kamar dai yadda ka faɗa" ta daɗe tana cina. Ban yi masa ƙarya ba, duk abin da na gaya masa gaskiya ne, kuma ya yi masa amfani. Sai dai na karɓe masa wani abu da ba ni da hanyar mayar masa. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayin cewa laƙanin wasa ana auna shi ne da buƙatar mai tambaya. Yawan abin da mai bayarwa ya sani ba shi ne ma'auni ba, kuma galibin ɓarnar da ake yi a wannan fage masu sani ne ke yin ta, don ɗokin a san sun sani.

Kada a fahimce ni a baibai. Musayar dabaru ba baƙon abu ba ne a wasan bidiyo, da ita aka haife shi. The Legend of Zelda na 1986 cike yake da ɓoyayyun ƙofofi, bishiyar da sai ka ƙona ta, bangon da sai ka sa masa bam, kuma galibinsu wasan ba ya gaya maka. Abokinka ne ke gaya maka. A 1988 kamfanin Nintendo ya fara buga mujallar Nintendo Power a Amurka, kuma har zuwa 2005 yana da ma'aikatan da aikinsu kawai su ɗaga waya su fitar da yaron da ya maƙale a wani mataki. Laƙanin da ya fi kowane shahara ma daga cikin gida ya fito: Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami ya ga wasan Gradius ya yi masa wuya lokacin gwaji, sai ya saka wani ɓoyayyen jerin maɓallai da ake dannawa, sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A don ya sauƙaƙa wa kansa. A wasan Contra wannan jerin ne ke mayar da rai uku su zama 30, kuma baki da baki ya zaga duniya.

Abin da ya canja shi ne yawan kunnuwa. Ma'aikacin Nintendo mutum ɗaya yake magana da shi, kuma kafin ya amsa dole ya ji inda yaron ya tsaya. Yau wanda ya yi bidiyon dabaru ko ya yi magana a cikin taron 'yan wasa, dubban mutane ne ke jin sa a lokaci guda. A cikinsu akwai wanda ya gama wasan sau huɗu, akwai wanda jiya ya saya, akwai wanda yake tara kuɗin saye. Jimla ɗaya ce za ta shiga kunnensu duka, ga wannan taimako, ga wancan sata.

To ta yaya mutum zai san wacce ce wacce? A ganina sai ya fara duba irin wasan, domin ilimi ba matsayi ɗaya yake da shi a kowane wasa ba. A eFootball ko EA Sports FC, in ka koya wa mutum yadda ake bugun tazara ko lokacin da ya dace ya fito da gola, ba ka rage masa komai ba. Ya ji da kunne, amma sai yatsunsa sun koya, kuma wannan koyon shi ne wasan. Haka PUBG Mobile, haka Free Fire, haka Tekken. A irin waɗannan, zuba duk abin da ka sani, rowa ce ma ka ɓoye. Amma akwai wasannin da sanin shi ne ladan. Misali mafi tsafta shi ne Outer Wilds na 2019. A cikinsa kai matuƙin jirgin sararin samaniya ne, duk minti 22 ranar da ke haska duniyar wasan tana fashewa, ka farka ka sake daga farko. Ba ka samun sabon makami, jirginka ba ya ƙara gudu, ba abin da ke ƙaruwa sai abin da ke cikin kanka. Wanda ya san sirrin zai iya gama wasan a zagaye ɗaya daga lokacin da ya kunna. Ke nan in ka gaya wa sabon ɗan wasa amsar, ba taimaka masa ka yi ya wuce mataki ba, wasan dungurungum ka buga masa, ka bar shi da hannun gem a hannu. Shi ya sa masoya wannan wasa suka shahara da amsa tambaya da tambaya: ka karanta rubutun da ke bangon can kuwa? ka taɓa zuwa wurin a farkon zagaye maimakon ƙarshensa? Da farko abin yana ba da haushi, kamar ana ja maka rai. Sai ranar da ka gano da kanka za ka san alherin da suka yi maka.

Wannan salo nasu shi nake ganin ya kamata ya zama al'adar kowa, a ba da laƙani hawa-hawa. Ishara tukuna. In ba ta wadatar ba, a faɗi wurin da za a duba. In mutum ya ce shi dai a gaya masa, sai a gaya masa. Wanda ya ƙoshi a hawa na farko ya tafi da sauran daɗinsa, wanda yake son duka bai rasa komai ba sai daƙiƙa goma. Kamfanin FromSoftware, wanda ya ƙera Elden Ring, ma ya gina wani abu mai kama da haka a cikin wasanninsa tun daga Demon's Souls na 2009: ɗan wasa zai iya barin saƙo a ƙasa don waɗanda za su biyo baya, amma daga 'yan kalmomin da aka ƙayyade kawai zai harhaɗa shi. Zai iya cewa a yi hattara da hagu, ba zai iya ba da labarin ƙarshen wasa ba. A Elden Ring in wani ya yaba saƙonka har lafiyarka ke ƙaruwa. Ba wai hakan ya hana shaƙiyanci ba, kowa ya san saƙon "gwada tsalle" a bakin rami, da jinin waɗanda suka yarda malale a gefensa.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Magidancin da ya dawo daga aiki yana da minti arba'in kafin barci ya ɗauke shi, ba ya neman a koya masa haƙuri. Ya ce a gaya masa inda makullin yake, a gaya masa. Akwai kuma wanda hannunsa ko idonsa ba ya ba shi damar yin abin da wasu ke yi cikin sauƙi. Wanda aka yi wa tambaya ƙarara ya amsa da "je ka ƙara ƙwarewa" ko ya tsaya wa'azin yadda ya kamata a ji daɗin wasa, laifinsa ɗaya da nawa: shi ma kansa ya duba, bai dubi mai tambaya ba. Ni na ba da fiye da abin da aka nema, shi ya hana abin da aka nema.

Inda ban yarda da su ba shi ne cewa wai tsohon wasa ba shi da sauran sirri. Final Fantasy VII ya fito a 1997, kuma akwai wani abu da ke faruwa a cikinsa da kusan duk tsohon ɗan wasa ya sani. Amma an sake gina wasan a 2020, kashi na biyu ya fito a 2024, kuma da yawa daga cikin masu buga shi ba a haife su ba a 1997. A wurinsu yau labarin ya fara. Gargaɗi ba ya cin komai, kalma biyar ce a gaba. Abin da ya fi ɓata rai shi ne mai saka gargaɗin a cikin bidiyo bayan ya riga ya manna hoton dodon ƙarshe a fuskar bidiyon, ya rubuta sunan wanda ya mutu a take. Wannan ya san abin da yake yi. An ga irinsa a 2020, lokacin da sassan The Last of Us Part II suka fita ta ɓarauniyar hanya a watan Afrilu, wasan kuwa sai 19 ga Yuni ya shiga kasuwa. Kusan wata biyu masu jiran wasan suna kaffa-kaffa da intanet, saboda wasu sun mayar da ɓata wa mutane labari abin nishaɗi.

Sai kuma laƙanin da ya ruɓe. Wasannin yanzu ana sabunta su kullum, bindigar da ta fi kowace a watan jiya an rage mata ƙarfi a wannan watan. Minecraft ma iri biyu ne, Java da Bedrock. Tun sabuntawar 1.9 ta 2016, a Java sai ka ɗan jira tsakanin sara da sara kafin takobi ya yi cikakken ƙarfi, a Bedrock babu wannan. Mai ba da dabarar faɗa bai faɗi wanne yake nufi ba, rabin masu jin sa ya tura su su mutu. Faɗin na'urar da ka gwada a kai da lokacin da ka gwada yana cikin laƙanin. In kuma ba ka gwada ba, ji ka yi, ka ce ji ka yi. Yara nawa ne suka ɓata kwanaki suna ƙoƙarin ture wata mota a gefen jirgin ruwan S.S. Anne a Pokémon Red da Blue, don an rantse musu Mew, wata halittar wasan da ba a samun ta ta hanyar da aka saba, na ƙarƙashinta? Babu komai a ƙarƙashin motar.

Batun maguɗi kuwa a wurina a fili yake. Ka rubuta HESOYAM a GTA San Andreas ka cika lafiyarka da aljihunka, kai da kwamfutarka ne, ba ka cuci kowa ba. Amma manhajar da ke nuna maka abokan karawa ta bayan bango a wasan da mutum ɗari ke ciki, wannan zalunci ne, kuma wanda ka koya wa shi zai kwana a ciki, don PUBG Mobile na rufe asusu har na shekara 10. Mafi muni su ne masu "dabarar" samun UC, wato kuɗin cikin PUBG Mobile, ko lu'ulu'un Free Fire kyauta, in dai za ka shigar da kalmar sirrinka a wani wuri. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai yaɗa irin wannan ko da bai san tarko ba ne, ya tuna cewa cikin masu saurarensa akwai ɗan shekara goma sha ɗaya da ke riƙe da wayar mahaifiyarsa.

A 2022 wani ɗan wasa ya yi suna a Elden Ring da laƙabin Let Me Solo Her, ma'ana a bar shi da ita shi kaɗai. Ita ɗin Malenia ce, wadda da yawa ke ɗauka ta fi kowane dodo wuya a wasan. Ba ya kutsa kai cikin wasan kowa. Alamarsa yake ajiyewa a ƙofar ɗakinta ya jira, wanda ya gaji ya taɓa alamar, wanda yake son ya ci da guminsa ya tsallake ta ya wuce. In an kira shi sai ya bayyana da tulu a kife a kansa, ɗan bante a ƙugu, takubba biyu a hannu, ya gama da ita, ya koma ya sake ajiye alamar. Da ya cika sau 1,000, kamfanin Bandai Namco, mai fitar da wasan kasuwa, ya aika masa da takobi na gaske.