Ku Daina Ɗora wa Ruwan Sama Laifin Abin da Ya Faru a Makabarta

Sanarwar da hukumar birni ta fitar bayan ɓarnar da aka samu a makabarta ta fi hotunan ɓarnar ɓata mini rai. Wai ruwan bana ya wuce misali, wai an kafa kwamiti, wai za a sake gina katangar da ta faɗi a yi wa ƙofa fenti. Kaburbura sun rufta, wasu ruwa ya yashe su, mutane suna ta zagaye cikin taɓo suna neman inda iyayensu suke, ma'aikacin da ke bakin ƙofa ba shi da ko takarda guda da zai duba ya nuna musu wurin, amma abin da aka ga ya dace a gaya mana shi ne ruwa ya yi yawa. Jama'a, ruwan sama ba baƙo ba ne. Duk shekara yana zuwa a lokacinsa, kuma tun kafin a haƙa kabarin farko a filin nan an san ta inda yake gangarowa. Abin da ya faru sakaci ne, sakacin shekara da shekaru, kuma duk ɓarnar da kuka gani a hotunan nan akwai wani aiki a bayanta da aka ɗora wa wani bai yi ba.

Katangar da suke ta magana a kanta, ba dukan ruwa ne ya kayar da ita ba. Katangar makabarta da ke ƙasan gangare tana faɗuwa ne idan ta tare wa ruwa hanya, ya taru a bayanta, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi ta tunkuɗe ta. Maganinsa kafofi ne a gindin katangar, kowane mita 2 zuwa 3, a sa tsakuwa a bayansu don kada laka ta toshe su, sannan lambatu a waje da zai karɓi ruwan ya wuce da shi. Idan aka sake ɗora bulo a kan tsohon tushe ba tare da wannan ba, to an sayi faɗuwa ta biyu ne da kuɗin jama'a. Haka ta sama: ruwan da ya fi ɓarna yawanci ba wanda ya sauka a cikin makabartar ba ne, wanda ya taho daga rufin gidaje da titunan da ke samanta ne. Shi ake tarewa da babban lambatu a gefen tudu tun bai shigo ba. Hanyoyin ciki kuma, duk wadda aka miƙe ta daga sama zuwa ƙasa ba a karya ta ba, damina biyu sun isa ta zama kwazazzabo, daga nan ta fara cin layin kaburburan da ke gefenta. Ana yanka mata ƙananan magudanu a karkace, kowane mita 10 zuwa 20 gwargwadon tsananin gangaren, su riƙa zubar da ruwan gefe kafin ya yi ƙarfi. Kuma duk waɗannan a yashe su sau biyu: kafin ruwan farko, da tsakiyar damina. Shebur ne da diga da baro da mutum huɗu ko biyar. Wa ya yi wannan a bana? Wa ya duba ko an yi?

Ruftawar kabari kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe diga ya san dalilinta. Ƙasar da aka haƙo tana kumbura, takan ƙaru da wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma idan aka mayar da ita sai ta ɗauki wata 6 zuwa shekara guda tana zama. Shi ya sa ake mayar da ita hawa-hawa, kamar santimita 20 zuwa 30 a kowane hawa ana ɗan dannawa, a bar tozo a sama. Bayan nan ne aikin hukuma yake farawa. Dole a sami wanda zai bi sababbin layuka bayan kowane ruwa mai ƙarfi, inda ya ga tsaga ko loɓawa ya cike nan take daga tarin ƙasar da aka keɓe don haka. Tsagar da hannu ba zai shiga ba yau, ita ce ƙofar ruwa gobe, kuma ita ce ƙofar dabbobi. Kabarin da aka ciko sau biyu ko uku a shekararsa ta farko da wuya ya ba da matsala daga baya. Wanda aka bari, shi kuka gani a hoto. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba a yarda a ɗora dutse mai nauyi ko siminti a kan sabon kabari sai ƙasa ta gama zama. Idan aka yi gaggawa, ƙasan ya kwashe, abin da aka ɗora ya karkace ya karye ya danne na kusa da shi.

Na ga masu cewa ai ɓangaren da ya fi lalacewa fadama ne, babu yadda za a yi. To wa ya ce a buɗe fadama a binne mutane? Kafin a buɗe sabon ɓangare ana haƙa ramukan gwaji a ƙarshen damina, lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi tasowa, a bar su kwana ɗaya ko biyu a ga inda ruwa ya tsaya. Rahoton da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar a 1998 ya kawo ma'auni a fili: ƙasan kabari ya zama aƙalla mita 1 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa idan ya cika, mita 250 daga duk rijiya ko rijiyar burtsatse ko maɓuɓɓuga ta ruwan sha, mita 30 daga rafi ko wata maɓuɓɓugar da ba ta ruwan sha ba, mita 10 daga magudanar gona. Wurin da bai cika wannan ba sai a bar shi ga itatuwa ko a ɗaga shi da ciko. Ba don mamata kaɗai ba. Abin da ya tsatso daga nan rijiyoyin maƙwabta yake nufa.

Amma duk wannan da sauƙi a kan abin da ya fi ci mini rai, wato rashin rajista. Ƙasa za a iya mayarwa, katanga za a iya ginawa. Sunan da ya ɓata fa? Makabartar da birni ya mallaka tana tsayuwa ne a kan abubuwa uku: littafin da ake shigar da kowace binnewa a ranar da aka yi ta, jerin sunaye bisa haruffa don nema, da taswira. A littafin a rubuta cikakken suna, ranar rasuwa, ranar binnewa, lambar takardar izini, ɓangare da layi da lambar kabari, zurfinsa, wanda ya haƙa, da wanda za a nema daga dangi. A ƙasa kuwa, kowace kusurwar ɓangare a kafa mata turken kankare mai ƙarfe a ciki, a binne shi daidai da doron ƙasa yadda ba mai tumɓuke shi. Daga turaku biyu ake auna kowane kabari da tef, ta yadda ko ruwa ya share duk wata alama, mutum biyu da tef da littafi za su fito da wurin cikin minti goma. Allon ƙarfe da dangi suke kafawa tsatsa tana cinye shi ko ɓarayin ƙarfe su cire, na katako gara ce, don haka lambar hukuma ita ce abin dogaro.

Masu cewa a ɗauki kowane kabari da GPS na waya a huta, ku sani waya takan kuskure da mita 3 zuwa 5, faɗin kabari kuwa wajen mita 1 ne. Kuskuren ya isa ya kai mutum kan kabarin da ba nasa ba, har kabari uku gaba da wanda yake nema. A shigar da bayanai a kwamfuta, wannan daidai ne, amma ma'aunin yana ƙasa, a jikin turke. Kuma a yi kwafi biyu a ajiye a gini daban-daban, don ɗakin mai gadi yana yoyo, yana kuma iya ƙonewa.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne da ke damun ƙananan birane. A 2010 binciken rundunar sojan Amurka ya gano kaburbura sama da 200 a makabartar sojoji ta Arlington da abin da ke taswira bai dace da abin da ke ƙasa ba, saboda an dogara da tsofaffin katunan takarda ba a daidaita su. Wannan makabarta ce da ba ta rasa kuɗi ba. Abin da aka rasa shi ne mai zama kullum ya tabbatar littafi da ƙasa sun yi daidai. A can dai shugabannin wurin sun rasa kujerunsu. A nan ko sunan wanda ke riƙe da littafin ba a faɗa mana ba, in ma akwai littafin.

Sai maganar ba kuɗi, da maganar masu rai sun fi buƙata. Ban karɓi ko ɗaya ba. Masu ran ne suke shan ruwan rijiyoyin da ke kewaye, masu ran ne suke kuka a cikin taɓon. Batun kuɗi kuma lissafi ne da aka ƙi yi. Duk abin da ake biya a makabarta sau ɗaya ake biyansa, kula da ita kuwa ba ta ƙarewa, kuma ranar da ta cika kuɗin shiga ya tsaya cak alhali ciyawa da ruwa ba su tsaya ba. Shi ya sa jihohin Amurka da dama suka wajabta wa makabartu ware wani kaso na kuɗin kowane fili, galibi wajen kashi 10 cikin 100, a wani asusu da ba a taɓa uwar kuɗin, ribar kaɗai ake kashewa wajen gyara. Birnin da ba ya karɓar komai daga dangi, to ya ba makabarta layinta na kanta a kasafin shekara, kada a cusa ta ƙarƙashin kwasar shara inda ita ce ta farko da ake yankewa.

Wurin ma lissafi ne. Kabarin babba da ratar da ke tsakaninsa da na kusa yana cin wajen murabba'in mita 3. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, a cire kashi ɗaya cikin uku na hanyoyi da magudanu da itatuwa, saura wurin kabari kusan 2,200. Birni mai mutum 500,000, idan aka ɗauki mutuwar mutum 8 cikin kowane 1,000 a shekara, wanda shi ne kusan matsakaicin duniya, zai binne 4,000 a shekara. Kusan hekta biyu ke nan duk shekara. Wanda ya yi wannan lissafin zai nemi sabon fili shekara 10 kafin tsohon ya cika. Wanda bai yi ba, shi ne zai wayi gari yana haƙa a kan hanya, a bakin lambatu, a cikin fadama, har a kan wani. Kaburburan da ruwa ya fara ɗauka ai su ne waɗanda aka cusa inda tun asali hanyar ruwa ce. Birnin Paris ya ga ƙarshen irin wannan a 1780, lokacin da makabartar tsakiyar gari ta cika ta batse har bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka da ita ya fashe. Sai da aka rufe ta, aka kwashe ƙasusuwa zuwa tsofaffin ramukan haƙar dutse, sannan a 1804 aka yi dokar da ta fitar da makabartu wajen gari, ta ƙayyade zurfin kabari da ratar da ke tsakani. Sama da shekara 200 ke nan da sanin wannan.

Wasu kuma sun ce kowa ya kula da kabarin nasa. Dangi za su iya cire ciyawa. Ba za su iya haƙa lambatun mita ɗari uku ba, ba za su iya riƙe taswira ba, kuma bayan shekara 40 yawancin kaburbura ba su da mai zuwa. Don waɗannan ne aka ce birni ya mallaki wurin. Ina roƙon kwamitin nan, don Allah, kafin a sayi buhun siminti ko guda, a zauna da tsofaffin mahaƙa a bi layi-layi a rubuta duk abin da suka tuna, domin a yanzu su ne rajistar, kuma ba za su dawwama ba. A haɗa da abin da dangi suka sani, a kafa turaku, a fara littafi ko da daga yau ne.

Su kansu mahaƙan ba mai maganarsu. Ramin da ya kai mita ɗaya da rabi a ƙasa mai yashi ko wadda ta jiƙe yana iya rufta wa mutum, kuma ƙasar da za ta cika mita guda ta kowace fuska ta haura tan ɗaya. A ba su katakon tokare bango, a ja tarin ƙasa baya aƙalla santimita 60 daga bakin rami, kada mutum ya shiga shi kaɗai ba wani a sama.

Na kuma ji ana shirin sare itatuwan wurin wai saiwoyi ne suka fasa kaburbura. Kada a yi. A cire waɗanda suka tsiro a tsakiyar layi, a bar na gefen hanya da na iyaka, su ne suke shanye ruwan ƙasa. Kuma a daina banka wa ciyawa wuta da rani, wuta tana fasa alamomi tana barin ƙasa tsirara ga ruwan farko. A yanke ta a bar saiwar. Inda gangare ya yi tsanani a dasa jema a jere a gicciye, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Saiwarta ƙasa take nutsawa, mita 2 zuwa 3, ba ta yaɗuwa gefe ta shiga kabari, kuma a farkon damina ake dasa ta don ta kama kafin ruwa ya yi ƙarfi.