Rabin Hula

Da na so in yi shiru, wallahi na so. Tun ranar Talata nake ta haɗiye magana kamar mai shan maɗaci, ina ce wa kaina ke Hajiya bari, girma ya kama ki. To jiya da daddare sai ga saƙon murya na minti bakwai a guruf ɗin iyaye, wai "akwai wasu da ba su san yadda ake shiga gaban manya ba, shi ya sa aka rage tawaga." Minti bakwai cur, har da gyaran murya sau huɗu. Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ga waɗanda ba sa cikin guruf: jami'ar nan da yaranmu suka fi nema ta yi sabon shugaba, sai muka ce a je a yi masa murna da sunan iyayen yaran Arewa mazauna Legas, a kuma miƙa masa takardar koke. Takardar nan ni na rubuta ta, dare biyu ina kanta, na biyun ma da fitilar waya don wuta ta ɗauke. Safiyar tafiya na fito daga Agege tun ƙarfe shida, na sha goslo a Oshodi har mayafina ya jiƙe da gumi a cikin danfo, ina isa bakin ƙofa aka ce mini sunana ba ya cikin jerin masu shiga. An cire shi da biro, an rubuta sunan wani ƙanin matar wani a samansa. Na gani da idona, ko goge tawadar ba a yi da kyau ba.

To an shiga, an fito, an saki hoto. Jama'a ku je ku duba hoton nan, yana nan a shafin mai saƙon muryar nan, ya maƙala shi a sama. Shugaba na tsakiya, magatakarda na gefensa, sai wasu baƙi da suka zo nasu sha'anin. Shi gogan namu yana can ƙarshen hagu, mai ɗaukar hoto ya yanke shi, abin da ya fito nasa kunne ɗaya ne da rabin hula. Duk wannan rawar kai, duk shaddar da aka kai wa tela ɗinkin gaggawa, duk cire sunan mutane da biro, ribar rabin hula ce. A ƙasan hoton kuma ya rubuta "tare da aminina." Aminin da ko ruwa bai ce a kawo maka ba.

Ranka ya daɗe, tunda yanzu kai ne masanin shiga gaban manya, bari in ɗan tambaye ka. Ka san yadda ake naɗa shugaban jami'a kuwa? Don na ji kana faɗa a majalisar shayi cewa da kai aka yi "lobin" da ya kawo shi. Majalisar gudanarwa ce ke tallata kujerar, kwamitin haɗin gwiwa na majalisar da na manyan malamai ya tantance farfesoshi, a jami'ar tarayya majalisar ta naɗa, a ta jiha gwamna ya sa hannu. A wane mataki aka kira mai sayar da kayan babura a nemi shawararsa? Kuma kujerar nan wa'adi ɗaya ce, shekara 5, ba tazarce. Mu da muka daɗe muna kallon wannan wasa mun ga wanda ma bai tsira da biyar ɗin lami lafiya ba. A watan Agustan 2020 majalisar gudanarwar Jami'ar Legas ƙarƙashin Wale Babalakin ta zauna a Abuja ta ce ta tsige shugaban jami'ar, Farfesa Ogundipe. Malamai suka ce ba su yarda ba, gwamnatin tarayya ta ce duka biyun su koma gefe, aka zaɓi Farfesa Folasade Ogunsola riƙon ƙwarya, Babalakin ya ajiye muƙaminsa, kafin ƙarshen Nuwamba Ogundipe ya dawo ofis. Wata uku kacal, duk wanda ya yi saurin sauya hoton kan shafinsa sai da ya sauya sau uku. A Ojo kuwa, 2021, sau biyu ana soke zaɓen shugaban LASU, wato Jami'ar Jihar Legas, har Gwamna Sanwo-Olu ya rushe majalisar gudanarwa, sai a Satumba aka naɗa Farfesa Ibiyemi Olatunji-Bello. Manyan lauyoyi da farfesoshi ne suka yi ta faɗuwa suna tashi a wannan fili. Kai da rabin hularka a ina za ka tsaya?

Af, na manta, ai kana da tarihi. Wancan shugaban da ya sauka ma "amininka" ne. Ranar da ya miƙa mulki ka goge hotunanku tun kafin la'asar. Mun lura. Ba a magana ne kawai.

Yanzu bari in zo kan abin da ake yaɗawa a kaina, don na san shi ne makamin. Wai ni ina bayan wancan farfesan da bai samu ba, shi ya sa zuwana zai ɓata wa tawaga suna. E, na faɗa, kuma a gaban mutane na faɗa, cewa na fi son wancan, don na taɓa ganin yadda ya tsaya wa wata yarinyarmu da aka so hana ta rajista saboda sunanta na NIN ya bambanta da na WAEC da harafi ɗaya, Hauwa da Hauwa'u. Laifi ne mutum ya so wanda ya ga alherinsa? Ina da ƙuri'a ne a majalisar? Ni da nake koyar da lissafi a makarantar yamma a bayan kasuwa, wa ya tambaye ni? Allah ya ba wanda ya ba, na yi masa addu'a, na zauna na rubuta masa takarda da hannuna. Kai da ka karanta ta a gabansa, an ce a sakin layi na biyu ka tsaya cak a wurin kashi 45, 35 da 20, ka rasa me suke nufi, ka ce "da sauransu." To bari in koya maka kyauta. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurbin karatu na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma jihohin iyayen yaranmu da yawa suna cikin wannan ashirin ɗin. Yaron da aka haifa a Idi-Araba ko Alaba Rago, ya iya Yarbanci fiye da Hausa, bai taɓa kwana bakwai a Katsina ba, a jami'ar jiha ba ɗan asalin Legas ba ne, a ta tarayya kuma in bai je garinsu ya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma ba, wannan ashirin ɗin ma ta wuce shi. Wannan shi ne zuciyar koken. Shi ka tsallake da "da sauransu" don kana sauri a zo wurin hoto.

Kuma tunda abin ya zama haka, ni ma yau ba zan rufa ba. Matar nan mai tuwo a Mile 12, wadda mijinta ya rasu, nawa ka karɓa a hannunta da sunan za ka samo wa ɗanta gurbi "daga sama"? Ka faɗa wa guruf a saƙon murya, ko na minti ɗaya ne. A gabana ta kwance bakin zaninta tana nuna mini ragowar kuɗin adashin, 'yan ɗari biyar-biyar duk sun sha manja. Yaron ko sakamakon NECO ɗinsa ba a ɗora masa a shafin JAMB ba, abin da ba ya wuce rabin awa a cibiyar kwamfuta. Shekara guda ya zauna yana tura baro, kai kana ce musu "ana kan magana." Ba ka ji kunya ba? Ba ka ji tsoron Allah ba? Maraya fa! Ni na kai shi Ikeja da kuɗin motata aka gyara, yanzu yana aji biyu, kuma ka je gidan suna kana cewa ɗaya ne daga cikin yaran da ka shigar. Wallahi ranar sai da na fita waje na sha iska, don da na zauna da an ji mu.

Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba yaran nan suna gida, wa ya tara su a barandar masallaci don kada su watse? Ban gan ka ba ko sau ɗaya. Ba shugaba a wurin, ba mai kyamara.

Masu kirana suna cewa Hajiya ki yi haƙuri, yayanki ne, ku zauna a sasanta: na ji, na gode, Allah ya bar zumunci. Ba na neman kujerar kwamiti, ba na neman a mayar da ni admin, ku riƙe abinku. Iyaye kuma da suka tambaya, ranar Asabar ina nan inda kuka sani daga ƙarfe tara, kowane yaro ya zo da NIN ɗinsa da sakamakon jarrabawa da lambar wayar da ba a taɓa yin rajista da ita ba. Ba na karɓar ko sisi, sai dai wanda ya ga dama ya zo da ruwan leda.

Shi kuma aminin manya, fayil ɗina mai ruwan ɗorawa da ka tafi da shi ranar Talata, akwai sunayen yara 23 a ciki da lambobin iyayensu. A aiko mini da shi kafin Juma'a. In nauyin zuwa kake ji, ba sai ka zo duka ba, aiko rabin hular ta kawo.