Kada ka biya kuɗin sifikar da ba ka saurara ba

Maganar wani yaro da ya sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifiku biyu na gwanjo, amfilifayar ta ƙone masa a daren da ya kai ta gida, ta ɓata mini rai ƙwarai. Abin da ya fi damuna shi ne yadda jama'a suka taru a kan cewa laifinsa sayen na hannu, wai da ya ƙara kuɗi ya ɗauki sabo da ya huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Kuskurensa shi ne ya biya kuɗi alhali ba a kunna masa kayan ya saurara ba, bai kuma juya bayansu ya karanta abin da aka rubuta ba. Kayan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 120, na Japan volt 100, tamu kuwa 230 ce, don haka duk wanda ya jona irinsu kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi zai gani.

Masu cewa sabo ya fi, wane sabon suke nufi? Idan irin akwatunan roban nan ne masu fitilu kala-kala, waɗanda aka manna wa takarda mai cewa 5000W PMPO, wato wai ƙololuwar ƙarfin da suke kaiwa na ɗan ƙiftawar ido wat 5000 ce, to a juya bayansu a duba yawan wutar da suke ja, sau da yawa ba ta kai wat 100 ba. Na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ya fi wanda take ja daga bango. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya ci gaba da fitarwa, kuma ko ita ɗin ba sai ta yi yawa ba. Amfilifayar NAD 3020, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane ɓangare, hagu da dama, amma har yau masu son sauti mai kyau suna nemanta. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Tsofaffin kayan Pioneer da Technics da Sansui da Yamaha, irin waɗanda ake saukewa a kasuwar Alaba ta Legas a watsu da su zuwa Arewa, idan suna da lafiya sun ishi falon kowa.

Lafiyar kuwa da kunne da hannu ake gane ta, kuma daga sifika ake farawa, domin ita ce ta fi komai tasiri a kan abin da za ka ji. Ka cire ragar gabanta, ka dubi zoben da ya kewaye babbar sifikar. Idan na soso ne, shekaru da zafi suna cinye shi, za ka ga yana marmashewa da zarar ka taɓa shi. Ka ɗora yatsunka a kewayen tsakiyarta ka danna a hankali. Idan ka ji tana gogar wani abu daga ciki, tana da matsala, mai yiwuwa an taɓa ƙona ta. Sannan a kunna, ka kara kunnenka kusa da ƙaramar ta sama mai fitar da siririn sauti, domin sau da yawa ita ce matacciya, hayaniyar kasuwa kuma tana ɓoye hakan. Ka duba om nawa aka rubuta a bayan sifikar, wato ma'aunin yadda take tare wuta, kada ka haɗa mai om 4 da amfilifayar da aka ce 8 take ɗauka.

Amfilifayar ma a bar ta tana aiki kamar rabin sa'a. Ka murɗa maɓallin ƙara murya ka ji ko yana ƙarƙar, ka saurari hagu daban dama daban, ka taɓa samanta, ka kuma shinshina ko akwai ƙauri.

Wasu za su ce ba su da kunnen gwanaye. Ba a bukatarsa. Ka tafi da muryar da ka sani sarai a wayarka, karatun malamin da kake saurara kullum ko kiɗan kalangun da ka taso da shi, idan muryar ta fito a shaƙe ko ƙarar ganga ta danne ta, kai da kanka za ka gane. Wasu kuma su ce mai shago ba zai yarda da wannan dogon gwaji ba, ko ya ce babu wuta. Mai sayar da kayan sauti da gaske yana da janareta, kuma wanda ya san kayansa lafiyayyu ne shi zai fara miƙo maka kujera. Idan ya ƙi kunnawa, ka yi masa sallama da kuɗinka a aljihu, ka shiga shago na gaba.