Rumfunan Faransa sun ajiye motocinsu, mu me muka ajiye?

A ƙauyukan Faransa akwai mutanen da aikinsu shi ne neman tsofaffin motoci da taraktoci a rumfunan gonakin da aka daina nomawa. Suna bi gida-gida suna tambayar magada ko marigayi ya bar wani abu a bayan gida. Wani lokaci a ɗaga tamfol a tarar da motar da ta shekara arba'in ba ta motsa ba, tayoyi sun sace, ɓeraye sun cinye kujeru, amma inji na nan lafiya lau.

Tarin da ya fi yin suna shi ne na Roger Baillon, wani mai kamfanin sufuri a kusa da garin Niort. Ya tara motoci a shekarun 1950 da 1960 da niyyar buɗe gidan tarihi, sai kasuwa ta juya masa baya, ya sayar da wasu, sauran suka zauna ƙarƙashin rumfunan kwano har ya rasu. A 2014 jikokinsa suka kira masu gwanjo, aka tarar da motoci kusan 60. A cikinsu akwai wata Ferrari ta 1961 da tarin tsofaffin mujallu ya danne. A watan Fabrairun 2015 aka yi gwanjonta a Paris, ta tashi a kan Yuro miliyan 16 da ɗoriya.

Jaridu kuɗin suke bugawa. Ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne dalilin da ya sa rumfunan suke a kulle. A 1970 Faransa na da gonaki kusan miliyan 1.6, a ƙidayar 2020 ba su kai 400,000 ba. Manomi ya tsufa, 'ya'ya sun tafi birni, maƙwabci mai babban inji ya haɗe filin da nasa. Ƙaramar taraktar Ferguson mai ruwan toka, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan a Ingila tsakanin 1946 da 1956, ba ta da sauran aiki a gona mai hekta ɗari. Sai a tura ta rumfa tare da garmar doki da injin sussuka, a ja ƙofa. Duk rumfar da aka buɗe aka yi murna, gidan noma ne da ya mutu. Wanda ya tashi a gidan noma ba zai kalli wannan ya ji daɗi zalla ba.

Mu a gida ba za ka taɓa buɗe ɗaki ka tarar da mota tana barci ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Ƙarfe ba ya zaman banza a ƙasar Hausa. Fijo 504 ta gama aikin ofis, ta koma tasha tana jigila, ta koma ɗaukar kaya ranar kasuwa. In ta gaza, bakanike ya ciro injin ya sa wa wata, giyar motar ta tafi Panteka ko Ƙofar Ruwa, maƙeri ya karɓi sifirin ya ƙera gatari da fartanya, abin da ya rage 'yan gwangwan su auna a kilo. Har tsofaffin Fijon Faransa ma mun taya su cinyewa: a shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan tuƙo su ta hamada su sayar a Agadas da Yamai. Da yawa daga cikin motocin da masu neman nan ke cigiya a yau, a hannun direbobinmu suka ƙare rayuwarsu, bayan sun ciyar da gidaje shekara da shekaru. A ganina wannan ya fi kwanciya ƙarƙashin tamfol daraja.

Amma akwai inda Faransawa suka fi mu, kuma ba na jin daɗin faɗa. Suna ware ɗaya su ajiye. A Sochaux, inda babbar masana'antar Fijo take, akwai gidan tarihin kamfanin, tun daga injin niƙa kofi da kekuna har motocin tsere. A Chartres akwai gidan adana kayan noma. Da rani ƙauyuka kan yi bikin sussuka, a fito da tsofaffin injuna a tayar da su, tsoho ya tsaya yana nuna wa jikansa yadda ake ɗaura bel. Yaron ba zai yi noma da wannan injin ba, amma ya ga abin da kakansa ya ci abinci da shi, ya ji ƙararsa da kunnensa.

To mu fa? A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, aka ci gaba da fitar da 504 shekaru bayan an daina ta a Turai. A Bauchi an harhaɗa taraktocin Steyr, a Kano an yi manyan motoci da taraktocin Fiat. Iyayenmu ne suka ɗaura waɗannan notuna da hannunsu. Yaron da aka haifa yau zai girma yana ɗaukan cewa duk abin da ke da taya daga jirgin ruwa ake sauke shi, domin babu wanda ya nuna masa akasin haka. Ga shi kuma yanayinmu ya fi nasu tausayin ƙarfe. A Faransa danshi da gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi ke cinye mota ta ƙasa. A Katsina ko Damagaram, in ka raba mota da rana da ruwan sama, sai ta daɗe tsatsa ba ta kama ta ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne taraktocin hukuma da ke jibge a harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Su ba a ci moriyarsu har ƙarshe ba, ba a kuma adana su ba. An sayo, wani ƙaramin abu ya lalace, ba a samo madadinsa ba, ciyawa ta tsiro ta cikin sitiyari, manoma na layin haya suna jira damina na wucewa.

Ba sai an jira gwamnati ba. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana gidan tarihi a Legas, mutane na zuwa kallo, ke nan mun iya ajiya in mun ga dama. Ƙungiyar kanikawa ko ta direbobi za ta iya sayen 504 ɗaya ƙirar Kaduna da a-kori-kura ɗaya, a gyara, a samu ɗaki mai rufi. Kwalejojin aikin gona su ware tarakta guda, su haɗa da garmar shanu da galma da sungumi, a rubuta shekara da inda aka ƙera kowanne. Tsofaffin ma'aikatan da suka harhaɗa motocin nan da yawansu suna raye a Kakuri da kewaye, a je a ɗauki bayaninsu da waya tun suna iya bayarwa.