Motar kwana-kwana a ƙauye, abin da na gani a Sikotland

Shekarata shida ke nan a wani ƙaramin ƙauye a arewacin Sikotland, ba nisa sosai da Inverness, mutanen garin ko rabin na ƙauyenmu na gida ba su kai ba amma wallahi suna da tashar kashe gobara tasu, ɗan gini mai jar ƙofa da mota guda a ciki. Ba kowa a wurin yawancin lokaci. Maƙwabcina mai gyaran famfo ne, shi ma ɗan kwana-kwana ne, akwai wata 'yar na'ura da yake maƙalawa a ƙugu, rannan muna tsaye yana duba min bututun ruwa ta yi ƙara, ko sallama bai tsaya yi ba ya bar kayan aikinsa a ƙasa ya ruga, kafin in gama tattara su na ji jiniya ta wuce.

Haka tsarin yake a ƙauyukansu, kowa da sana'arsa, wani manomi wani makanike wata malamar makaranta, ana ba su ɗan alawus, suna atisaye dare ɗaya a sati, sharaɗin kawai ka kasance kusa da tashar ta yadda za ka iso cikin 'yan mintuna.

Kuma abin yana da tarihi fa. Tun 1824 Edinburgh ta kafa rundunar kashe gobara ta birni ƙarƙashin James Braidwood. A 1975 aka mai da na Sikotland gaba ɗaya runduna takwas, tamu ta tsaunuka da tsibirai tana ciki, sai ranar 1 ga Afrilu 2013 aka haɗe takwas ɗin suka koma hukuma ɗaya tal. Hujjar gwamnati ita ce rage kashe kuɗi, me za a yi da shugabanni takwas da ofisoshi takwas. Ɗakunan amsa kiran 999, lambar neman agajin gaggawa, ma aka rage su zuwa uku, Dundee da Edinburgh da Johnstone, na Inverness aka rufe shi a 2016, kuma wannan ne ya fi yi wa mutanen nan ciwo, don sunayen ƙauyukan da yawa da Gelik suke, tsohon harshen mutanen yankin, ga wasu suna iri ɗaya, sai suke cewa wanda ke zaune a Dundee ta ina zai san kwanar da ake nufi. Ni dai ina ganin suna da gaskiya a nan, sanin gari ba a koyonsa a kwamfuta. Sannan yanzu samun masu shiga aikin ya yi wuya, matasa suna tafiya aiki birni da safe, wani lokacin mota na nan amma ba isassun mutanen da za su fita da ita.

Toh amma duk da haka motar tana ƙauyen. Ofisoshin sama aka haɗe, tashar maƙwabcina ba a taɓa ta ba, wannan shi ne abin da ke sosa min rai in na tuna gida.

Mu namu 'yan kwana-kwanan na jiha ne da na tarayya kuma kusan duk a birane suke. Ina ɗan shekara goma sha biyu wuta ta tashi a gidan kawuna cikin hunturu, daga murhun da aka kunna don jin ɗumi ta kama zana, iska na kaɗawa ta tsallaka rumbu. Maza na jefa guga a rijiya, mata na miƙo bokiti da tulu, mu yara muna watsa ƙasa da kwano. An aika a kira mota daga birni, sai da komai ya zama toka ta iso. Har yau ina ganin Kawu tsugune yana tona tokar da hannu ko zai samu zangarniyar geron da ta tsira, noman shekara guda fa. Ban ga laifin direban ba, nisan ne ya yi yawa. To birnin ma ai mun ga yadda kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, ina ga ƙauye.

Kuma Allah ya sani mutane ba su ne matsalarmu ba. Muna da aikin gayya, muna da 'yan sintiri da 'yan agaji da ke fita tsakar dare ba ko sisi, a daren gobarar Kawu ba wanda ya zauna a ɗakinsa. Kayan aiki da horo ne babu. Don Allah masu ƙungiyoyin ci gaban gari, mu da ke waje da muke tura kuɗin gyaran masallaci da tonon burtsatse, a zauna da hakimi a zaɓi samari goma, a roƙi hukumar jiha ta turo mai koya musu, a sayi tankin ruwa da injin ban-ruwa irin na 'yan fadama da tiyo a ɗora a kan a-kori-kura, makullin ya zauna gidan mai unguwa. Na riga na yi wa ƙanina maganar a waya, ya ce zai kai ta taron ƙungiya bayan sallar Juma'a, ni na ɗauki nauyin injin.